Mindar Kwango

Zonkwa, 18 ga Oktoba, 2020

Zuwa ga 'yata Felicia,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau, in ban da ƙafafuna da suka daina bin oda. Yayanki Nahum ne ke rubutu ni ina faɗa, in ya gama ya ɗauki hoton takardar ya tura miki. Na hana shi kiran waya, domin kunnen hagu tun a Kwango na baro shi, na dama kuma ya fara haɗa kayansa.

Bayan gaisuwa, ga aikin da zan sa ki. Kin san duk sha biyar ga Janairu muna fita faretin tunawa da 'yan mazan jiya. Masu lambar yabo a ƙirji, wadda mu sojoji muke kira minda, su ke tsayawa a layin gaba. Ni kullum ina baya, tare da waɗanda ba su taɓa jin ƙarar harsashi ba sai a filin gwaji. Bara wani saja mai ritaya, wanda na girme wa ubansa, ya tambaye ni ko a kicin na yi nawa sojan. Na yi dariya a gabansa, amma da na dawo gida ban iya cin tuwo ba.

Na je Kwango a 1961 ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma na bar soja kafin yaƙin basasa, don haka mindar Kwango kaɗai nake bi. Dokarta ita ce mutum ya yi wata uku cur a bakin aiki. Ni kuwa daga ranar da na bar gida zuwa ranar da na dawo, wata huɗu ne har da ɗoriya. Abokaina sun karɓi tasu, tawa ba ta zo ba, na bi har na gaji. Yanzu mun yi sabon shugaban ƙungiyar tsofaffin sojoji, Samanja Ubale, mutumin kirki, ya ce zai tura sunayen waɗanda aka manta. Sai dai yana son takardar aiki, ko kuwa shaidar wanda aka yi aikin tare da shi, ya rantse ya sa hannu. Takarduna gara ta yi biki da su a akwatin marigayiya mamarki. 'Yan kamfaninmu na soja kuma duk sun riga ni gidan gaskiya.

Sai na tuna da Hambali. Kofur ne a sojan Malaya, sansaninsu yana jikin namu a Bukavu. Gajere ne, da tabo a haɓa, yana dafa shinkafa da ruwan kwakwa. Ya ce mini gidansu yana Kampung Baru a Kuala Lumpur, in na zo in tambayi kowa. Tun da Allah ya kai ki garinsu, ki je ki tambayi kowan. Ki ce masa Josiah Dogo ne, haka yake kira na, zai gane.

Ba fansho nake nema ba, ba fili ba. So nake in tsaya a layin gaba sau ɗaya kafin a kira ni.

Ubangiji ya tsare ki daga cutar nan. Ki riƙa sa takunkumi.

Ni ne mahaifinki,
Farabiti Josiah Didam, mai ritaya

*

Sri Petaling, Kuala Lumpur, 26 ga Oktoba

Zuwa ga Babana,

Ina gaishe ka da ladabi, da fatan ƙafafun sun yi sauƙi, kuma kana shan maganin yadda likita ya ce, ba yadda kai ka ga dama ba. Na karanta wasiƙarka sau biyu. Karon farko na yi dariya, karo na biyu ban yi ba.

Baba, Kuala Lumpur fa ba Zonkwa ba ce, da za ka tsaya a bakin kasuwa ka ce ina gidan wane a ja ka har ƙofa. Hambali a nan kamar Audu ne a Kano. Ga shi an sake ƙara tsaurara dokar kulle, makarantarmu da ke Jalan Semarak a rufe take, ta kwamfuta muke ganin malamai. Amma oda oda ce. Jiya na rufe hanci na hau jirgin ƙasa na je Kampung Baru, don a bayan makarantar tamu take, na sha cin abinci a can lokacin da duniya ke kwance.

Na fara da masallaci, tun da a nan aka fi sanin tsofaffi, na tarar da ƙofa a rufe. Na bi gidajen katakon nan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya buɗe. Ban ga laifinsu ba, domin a wannan lokaci wa zai buɗe wa baƙuwa ƙofa alhali da tsoho a ɗaki? Wani mai sayar da abinci ya hango ni, tun daga nesa ya ce “tapau”, wato a ƙunshe maka ka yi gaba, ba zama ba hira. Na sayi shinkafar dole don in samu bakin tambaya. Ya ce tsofaffin gidaje da yawa sun watse, wasu sun koma ƙauye wajen 'ya'yansu. Ya karɓi lambata, amma yadda ya jefa ta aljihu ban sa rai ba.

Da na dawo na sami wani shafi a Fesbuk na 'ya'yan sojojin ƙasar nan da suka je Kwango. Na rubuta sunanka da nasa, da tabon haɓa, da shinkafar kwakwa. Yanzu sai jira.

Ka yi haƙuri, Baba. Iya abin da hannuna zai kai ke nan a yanzu, amma ban ajiye ba.

'Yarka mai biyayya,
Felicia

*

Zonkwa, 3 ga Nuwamba

Auta,

Gaisuwa. Wannan tsakanina da ke ne, tsoho bai san na rubuta ba.

Jikin nan ya fi yadda yake gaya miki. Kumburin ya haura gwiwa, likita ya ce zuciya ce ta gaji, ya ce mu lallaɓa shi. Daga ɗaki zuwa gindin mangwaro sai ya huta a hanya. Coci ma yanzu fasto ne ke biyo shi gida.

Amma tun da na karanta masa wasiƙarki ya zama wani mutum. Ya sa an ciro tsohon kakinsa an wanke an goge, yana rataye a ƙofar ɗaki. Ya gaya wa fasto, ya gaya wa zumuntar mata, har mai kawo mana ruwa ya san minda tana hanya. Duk safiya kafin ya amsa gaisuwata sai ya ce, “Rahoto daga Malaya?” In ce babu, ya ce to a ci gaba da sintiri.

Ni tsoro nake ji. Kin san ni ba na son abin da zai ɗaga mutum sama a sake shi. In kin ga babu hanya ki gaya mini da wuri, in san yadda zan sauko da shi a hankali. Kuma kada ki ce za ki taho. Na ji an ce in kin fita daga ƙasar ba za a bar ki ki koma ba, ga karatunki ya zo gangara. Da kansa ya ce in kin bar digirin nan saboda shi ba zai yafe miki ba.

Glory da yara suna gaishe ki.

Yayanki,
Nahum

*

Sri Petaling, 19 ga Nuwamba

Yaya Nahum,

Ina gaisuwa, a gaishe mini da Anti Glory da yara. Ka sami wuri ka zauna kafin ka karanta, kuma kada ka karanta kusa da Baba.

Na sami Hambali. Yana da rai.

Jikarsa ce ta ga rubutuna, sunanta Zuhra, ma'aikaciyar jinya ce. Ta ce tabon haɓar ne ya sa ta tsaya. Sun daɗe da barin Kampung Baru, tsohon yana wajen 'yarsa a wata jiha, kuma an hana tsallaka jiha, 'yan sanda sun kafa shinge a hanya. Ko da an bari ma ba sa yarda kowa ya shiga inda yake. Sai Zuhra ta haɗa mu ta bidiyo mu uku, yana magana da Malayanci tana juya mini.

Yaya, da ka ga mutumin nan. Ɗan tsamurmurin tsoho a keken guragu, da farar hula, haƙora sun ƙare. Da aka ce masa 'yar Josiah Dogo ce, sai ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika wayar, ya ce mini da Hausa, “Sannu da aiki.” Ya ce Baba ne ya koya masa, ita kaɗai ta rage. Na yi kuka, shi yana ta dariya.

Na yi murna da wuri. Da na kawo zancen wata uku, sai ya kama lissafi da yatsu. Ya ce ba ya mantawa, domin kamfaninsu Baba washegarin ƙaramar salla suka sauka Bukavu, har ya raba musu sauran abincin salla. A cikinsu akwai wani Musulmi ɗan garinmu, Kalilu, da ke zuwa salla a sansanin su Hambali, kullum Baba na biye da shi, ya zauna a waje ya jira shi. Su Hambali suka haɗa kai da Kalilu suka sayi akuyar layya suna kiwo. Ana saura 'yan kwanaki babbar salla aka yi wa motar sintiri kwanton ɓauna, harsashi ya farfasa wa Kalilu ƙafa. Hambali yana cikin waɗanda suka kai ɗauki. Ya ce da idonsa ya ga Baba ya fito daga daji goye da Kalilu, jini ya jiƙa su duka biyun.

Da za a sa Kalilu a jirgi zuwa Najeriya, aka nemi mutum ɗaya ya raka shi. Baba ya fito. Sajansu ya ja shi gefe ya ce ya bari wani ya je, shi ya tsaya ya cika lokacinsa. Baba ya ce ba zai iya ba, akwai maganar da ya yi da uwar yaron. Ya shiga jirgin, bai sake dawowa ba. Hambali ya ce sun yanka akuyar babu su biyun, naman bai yi masa daɗi ba.

Ka gane ko? Tsakanin salla da salla wata biyu ne da kwana goma, ko mu da ba ma azumi mun san wannan. Baba bai cika wata uku a Kwango ba.

Ba zan ɓoye maka ba, na roƙi Hambali ya ce wata ukun ya cika. Na ce Baba ba shi da lafiya, na ce sati uku ne kawai da 'yan kai, wa zai bincika bayan shekara sittin? Zuhra ma ta taya ni, tana ce masa “boleh lah, Atuk”, wato ai zai yiwu, Kaka. Ya girgiza kai. Sannan ya ce:

“'Yata, ƙafata ɗaya tana kabari, ba zan rantse a kan ƙarya ba. Shi ma Dogo ba zai so ba. Ki rubuta abin da na gani, in sa hannu.”

Ya sa hannun, ga hoton takardar nan na haɗo maka. Duk abin da ke ciki yabo ne, kuma shi ne zai kashe maganar. Tun ranar nake zagaye ɗakin nan, na kasa karatu, na kasa cin abinci. Baba ba maƙaryaci ba ne, to ina ya samo wata huɗunsa? Kuma waye Kalilu, da ban taɓa jin sunansa a bakinsa ba?

Ka yi yadda ka ga ya dace. Ni daga nan babu abin da zan iya.

Ƙanwarka,
Felicia

*

Zonkwa, 1 ga Disamba

Auta,

Gaisuwa. Kin san Kalilu, sunan ne ba ki sani ba. Malam Gurgu tela na bakin kasuwa, wanda ke ɗinka mana kayan Kirsimeti ya ƙi karɓar ko sisi. Ya rasu kina firamare.

Na je wajen ƙanwarsa, Inna Hureira, tana nan da ranta a unguwar Hausawa. Ta ce tana tashar Kafanchan ranar da za su tafi. Mahaifiyarsu Turai ta kama hannun Kalilu ta sa a cikin na Baba a gaban jama'a, ta ce da hannu ta ba shi, da hannu zai dawo mata da shi. Kin san yadda mutanen wancan zamani suke ɗaukar irin wannan. Baba ya zauna da shi a asibitin soja har aka yanke ƙafar, har ciwon ya kame, sannan ya ɗauko shi a jirgin ƙasa ya kawo shi har zauren gidansu ya sa hannunsa a na uwar. Kafin nan bataliyarsu ta riga ta baro Kwango.

To ga wata huɗunsa. Shi a wajensa aiki ya fara ran da aka damƙa masa Kalilu, ya ƙare ran da ya mayar. Ba ƙarya yake ba, haka yake ƙirgawa tun da can, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa ba haka ake yi ba.

Na kai wa Samanja Ubale takardar Hambali. Ya karanta ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Ya ce doka kwanakin da ƙafarka take a ƙasar Kwango take ƙirgawa, ban da hanya, ban da asibitin gida. Ya ce wanda aka ji wa rauni a bakin aiki ana ba shi ko bai cika ba, shi ya sa Kalilu ya sami tasa. Na ce to wanda ya goyo shi fa? Ya ce dokar ba ta san ɗan rakiya ba. Na ce a sa Baba a layin gaba haka nan mana, albarkacin tsufa. Ya ce shi zai yarda, amma in je in tambayi Baba ko zai tsaya a can da ƙirji wayam. Ban tambaya ba, na san amsar.

Har yanzu ina ce wa Baba babu rahoto. Jiya ya dube ni ya ce idona ba ya kama da na mai gaskiya. Ni na kasa, Auta. Ke ya aika, ke za ki kawo masa. Ki rubuta, ni in karanta.

Yayanki,
Nahum

*

Sri Petaling, 20 ga Disamba

Zuwa ga Babana,

Ina gaishe ka da ladabi, ina kuma yi maka barka da Kirsimeti tun kafin ta zo. Ka gafarce ni da jinkiri. Rahoton ya daɗe a hannuna, ni ce na kasa miƙawa.

Na sami Kofur Hambali, yana da rai, yana gaishe ka. Bai manta da kai ba ko kaɗan. Ya ba da shaida ya sa hannu, Yaya zai karanta maka ita duka, kuma ina roƙonka ka bari ya kai ƙarshe.

Baba, shaidar ta nuna ka sauka Bukavu bayan ƙaramar salla, ka tashi kafin babba. Masu dokar ba sa ƙirga hanya, ba sa ƙirga zaman da ka yi a asibiti da Malam Kalilu. Kwanakin cikin Kwango kawai suke ƙirgawa, kuma naka sun gaza da sati uku da 'yan kwanaki. Samanja ya duba ta kowace fuska. Mindar ba za ta zo ba.

Na so a ce ina zaune a gabanka nake faɗin wannan, ba ta hoton takarda ba. Na yi shekara talatin da huɗu ina 'yarka ban san ka taɓa goya mutum a cikin wuta ba. Ina alfahari da kai har ban san inda zan sa kaina ba, kuma na san ba abin da ka aike ni nema ke nan ba.

Ka yafe mini. Ubangiji ya ƙara maka ƙarfi.

'Yarka,
Felicia

*

Zonkwa, 17 ga Janairu, 2021

'Yata Felicia,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Rahotonki ya iso, kin yi aikinki. Ki gaya wa Hambali duk abin da ya faɗa haka aka yi.

Ban je fareti ba bana. Samanja ya biyo nan da yamma ya gaishe ni. Na ce masa tun da kwanakin cikin Kwango ake ƙirgawa, kuma nawa sun gaza, ai gyaran mai sauƙi ne. Ba wanda ya sallame ni daga can, rakiya na tafi. In koma in cika sauran. Ya fara dariya, da ya dube ni sai ya daina, ya ce zai tambaya.

Ke kin fi shi sanin hanya. Ki bincika mini yadda ake zuwa Bukavu yanzu, da ko sai an yi wa mutum gwajin cutar nan kafin a bar shi ya shiga. Ba sai sun ba ni bindiga ba. Ko gadin ƙofa ne zan iya, in dai akwai kujera.

Ni ne mahaifinki,
Farabiti Josiah Didam

Auta, na rubuta yadda ya faɗa. Tun shekaranjiya sai an ɗaga shi yake zama. Ya ce kada in tashi daga nan sai amsarki ta shigo.

Nahum